Simintin da Na Zuba a Gonar Baba

Bana ruwan shuka ya same ni da diga a hannu, ina fasa siminti a ƙofar gidana. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya yi mini sannu, wasu su yi gaba suna ƙunshe dariya, don sun san ni na zuba shi da kaina, wajen shekara arba'in ke nan, ina hura hanci. Ban ga laifinsu ba. Wannan fili shi ne gonar bakin gidanmu, kuma tun da aka raba gado shi ne rabona, sai wata 'yar gayauna can bayan gari wadda ba ta riƙe mu wata uku. In bai koma gona ba, ban san abin da ni da matata Talatu za mu riƙa ci ba.

Ina cikin sara sai iska ta kaɗo mini ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga gonar Iro maƙwabcina. Na ajiye digar na zauna a kan ɓaraguzai, zuciyata ta tafi can waccan daminar da na fara wannan ɗanyen aiki.

Ƙauyenmu a gefen Minjibir yake, kuma saƙa muka gada. Amma ƙasa a nan ba ta da yalwa, gona na jikin gona, iyakar kowa layin gamba ne ko 'yan itatuwan lalle. Saboda haka fili ɗaya yake yi mana aiki biyu. Da an gama kaka sai mu kafa masaƙa a gonar bakin gida, mu miƙe zare tun daga gindin tsamiya har bakin hanya, dutse na jan sa, mu yi ta wurga ƙoshiya har rani ya ƙare. Ranar da ruwan shuka ya sauka kuwa, ko rabin bargon luru ne a kan masaƙa, tuge ta ake yi a rataye kayan a zaure, a sa sungumi a wurin. Haka muka taso muka gani, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Tamu gonar ta fi ta kowa baƙar ƙasa. Baba ne ya mai da ita haka. Tun yana saurayi yake ɗora wa jaki kara ko itace ya kai birni, ya dawo da taki a mangala, rani bayan rani. In ka damƙi ƙasar sai ka ji ta da laushi kamar garin tuwo. Geronta shi ke riga na kowa nuna, kuma tumunsa ne ke fid da gidanmu daga yunwar marka kafin hatsin gandu ya zo.

A shekarar da nake faɗa, daminar baya ta yi gardama, rumbu ya yi ƙasa tun kafin bazara ta tsaya. Ga azumi ya zo daidai lokacin da rana ke ƙwallewa. Kai, na sha zafi a duniya, amma ban ƙara ganin irin wancan ba. Tun hantsi ƙasa ba ta takuwa da ƙafa, ƙurajen zafi sun feso wa kowa a wuya, guga in ta shiga rijiya sai ta fito da rabin ruwa rabin taɓo. Mukan jiƙa zane mu lulluɓa, kafin a yi la'asar ya bushe ƙayau. Inna, mahaifiyata, ta koma auna gari da ludayi. Shan ruwa kunu ne tsararo da kwaɗon zogale, in an samu ƙuli-ƙuli an yi sa'a, sahur kuwa kanzo ake jiƙawa. Talatu na goyon ɗanmu Sani a lokacin, nono ya ja baya, yaron ya yi ta tsotso yana kuka. Inna kan ce ta ƙoshi ta tura mata nata kwanon, alhali mun san ba ta ci komai ba.

Kullum da yamma hadari zai taso daga gabas, baƙi ƙirin, mu fito muna kallo da busassun leɓɓa, sai iska ta watsa shi. Baba ya gaji da jira ya yi binne a gandu, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa ya tarar da iri. Aka yi ɗan yayyafi, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi.

Cikin wannan hali ne Ɗanjuma ya zo mini. Mutumin Gezawa ne, yana da wata farar bas da yake ɗauko baƙi daga otal a birni, masu yawon buɗe ido, Turawa da wasunsu. Yakan zaga da su marina da kasuwa, sannan ya kawo su ƙauyenmu su ga saƙa su yi sayayya. Amma da rani kaɗai, don da damina ba abin da za su gani sai bayanmu a sunkuye. Ya ja ni gefe ya ce akwai baƙin da sai tsakiyar damina suke samun hutu, malaman makaranta da iyalan ma'aikatan kamfanoni, kuma kullum sai ya ba su haƙuri. In zan bar masaƙata a kafe, shi kuma zai riƙa kawo mini su, ni kaɗai, ba mai raba ciniki da ni. Na yi wa Baba maganar, ya ce a'a, bai ko ɗago kai daga igiyar da yake tufka ba.

Ni kuwa a lokacin jini na tafasa, ina ganin duk ƙauyen ba mai wayona.

Ruwa ya sauka ana saura kwana tara sallah, ruwa na gaske, har kwaɗi suka yi ta kuka a kududdufi. Gari na wayewa kowa ya fita da sungumi, maza na sara, tsofaffi da yara na bi suna jefa iri suna rufewa da diddige. Baba ya ɗebi ƙannena suka nufi gandu don sake shuka, ya miƙo mini ƙwaryar iri ya ce in tuge masaƙa in shuka bakin gida. Na karɓa da hannu biyu na ce to. Da suka ɓace sai na kai ƙwaryar ɗakin Talatu na rufe ta da faifai, na hau masaƙata. Manomi ya san laimar shuka kwana biyu ce, in ta wuce ta wuce. Baba kuma ya kwana biyu yana fita da asuba yana dawowa a gajiye da azumi a baki ta ƙofar baya. Sai a rana ta uku ya zagayo ya ga zare a miƙe, ƙasa ta fara yin fari.

Ya daɗe a tsaye. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshina. Shi kuwa abin da ya ce kawai shi ne, “Haladu, ƙasar nan laifin me ta yi maka?”

Na ce masa in Allah ya yarda abin da za ta ba mu bana ya fi gero. Ya sa hannu ya karɓi ƙwaryarsa ya wuce.

Aka yi sallah ba ɗinki, aka shiga noman fari. Nakan bi gayya da safe don kada a ce na zama ɗan birni, mu jera da fartanya, rana na dukan ƙeya, ciki na ƙugi, da azahar in dawo in hau saƙa. Geron Iro ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, tamu gonar ba komai sai ciyawa da sawun ƙafata. Iro ɗan kawuna ne, abokin wasana, bai taɓa raga mini ba. In ya leƙo ta kan gamba sai ya tambaye ni ko Turawan nawa sun fara fitar da kai, ko sai an yi musu maimai. In yi dariyar yaƙe, don sati uku ke nan ba bas ba labarinta. Marka ta kama, ruwa ba dare ba rana, zare ya yi danshi yana tsinkewa, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika gida. Muka koma ganyen tafasa da rama, sai ɗan tsaki da ake yayyafawa a kai don a ce an ci hatsi. Maƙwabta suka fara gasa tumu. Ƙamshinsa in ya shigo gidanmu ba mai kallon wani, ni kuma sai in tashi in fita.

Ran wata Asabar, ana yayyafi, sai ga ƙugin mota. Bas ɗin Ɗanjuma ce, ta kafe a caɓi daidai bakin gonarmu, sai da muka taru muka tura ta. Baƙi suka fito su goma sha wani abu, fuska ja wur, takalma duk taɓo, suna ta murna kamar an ba su kyauta. Suka kewaye masaƙa suna ɗaukar hoto. Wata doguwa ta ce sai ta gwada, ta zauna ta harɗe mini zaren da na yi rabin yini ina warwarewa, ban ji haushi ko kaɗan ba. Kafin su tafi sun kwashe duk abin da na saƙa, har da lurun da Inna ke shimfiɗa a gadonta. Washegari na je kasuwa na dawo da buhun dawa a kan jakin haya.

Allah sarki, ranar an yi tuwo a gidanmu, tuwo mai tauri da miyar kuka har da man shanu. Inna ta aika wa gidaje huɗu. Talatu na ci tana share hawaye da gefen zane. Baba ma ya ci, ya wanke hannu, ya yi hamdala, bai ce mini komai ba. Ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin na ci gari. Bas ta dawo sau da yawa kafin kaka, Iro ya daina leƙowa ta kan gamba.

Da na tsaya a nan, da abin ya zo da sauƙi, don gona in ta huta shekara ɗaya ba ta mutu ba. Amma Ɗanjuma ya ce baƙi na ƙorafin caɓi, motarsa kuma na wahala, in gyara wurin. Bayan kaka na yi cinikin tifa ta kawo jar marmara, na sayi siminti da kwanon rufi. Ranar da tifar farko ta iso, Baba ya fito da kwando da shebur a hannu. Bai hana ni ba. Roƙona ya yi, ni ɗan cikinsa, in ba shi yini ɗaya ya kwashe baƙar ƙasar sama ya kai gandu kafin a zuba. Direba na ta danna oda, yana cewa yana da wani lodin a Bagwai. Na dubi direba, na dubi Baba, na ce, “Baba, ƙasa ce fa, ba gudu za ta yi ba.” Na ɗaga wa direba hannu ya juye.

Wallahi har gobe in na tuna wannan ɗaga hannun sai na ji kunya ta rufe ni. Yini ɗaya tak ya nema.

Ba zan yi ƙarya ba, an ci moriyar wurin. Masaƙa shida na kafa a ƙarƙashin rumfa, rani da damina. Na yi keke, na yi babur, na rufe ɗakin Inna da kwano. Muka bar zaren da matanmu ke kaɗawa da mazari muka koma na kanti mai launi-launi, don ya fi sauri kuma baƙi na son ja da kore. Mata suka samu cinikin gyaɗa da tabarmi, har mai shayi ya kafa tebur. Wata Hajiya mai kanti a birni takan sayi luru da yawa ta aika ƙasashen waje. Hatsi kuwa a kasuwa nake saye, ina yi wa masu noma kallon wahalallu.

Abin bai mutu rana ɗaya ba, a hankali ya riƙa zarewa. Da farko labaran rashin tsaro suka rage baƙi, muka ce zai wuce. Sannan zare ya fara gudu. Masana'antun birni da ke yin sa sun rufe, sai na waje, shi kuma kafin ya fito daga hannun kwastan ya iso kasuwa an ɗora masa haraji a kan haraji. Duk zuwan da zan yi sai mai zare ya ce jiya ba haka yake ba, wai kuɗin fito ya ƙaru, wai dala ta tashi. Garin rini ma haka. In na ɗora a kan luru baƙo ya ce ya yi tsada, in ban ɗora ba na yi wa mai zare aikin banza. Hajiya mai kanti ta aiko cewa can ƙasar da take kai kaya su ma sun sa wa kayanmu haraji a bakin ruwa, masu sayenta sun janye, kada in ƙara saƙa mata. Masu yi mini aiki suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu acaɓa, wasu leburanci a birni. Baƙi na ƙarshe da na gani su biyu ne, bara waccan. Sun sha hoto, suka yi ta juya luru suna yabawa, daga ƙarshe suka ce kuɗin jirgi da na otal sun cinye su, kuma awon kaya a filin jirgi ba sauƙi. Ɗan ƙyalle suka saya, wanda bai fi a goge fuska ba.

Bana da bazara Ɗanjuma ya zo, a bayan acaɓa, ya tsufa, gemu fari fat. Muka zauna a rumfar da ba kowa sai awaki. Ya ce ya sayar da bas. Man da zai sha daga birni zuwa nan ya fi abin da baƙi za su biya, in ma an samu baƙin, kuma wani ƙarfe da ya lalace a injin, da ya ji kuɗinsa bayan an biya fito sai ya kira masu gwangwan. Otal ɗin da yake ɗaukar mutane yanzu sai biki da taron siyasa. Ya nemi in yafe masa in ya taɓa sa ni a hanyar da ba ta ɓulle ba. Na ce shi shawara ya kawo, hannun da ya ɗagu nawa ne. A satin nan na je awo, na ji kuɗin kwanon gero, na dawo na ari diga.

Sani, wanda yanzu magidanci ne yana jan a-daidaita-sahu a birni, ya zo ya taya ni kwana uku. Muka kwance rumfa, muka fasa daɓe, muka yi ta kwasar marmara a baro, bayana kamar zai ɓalle. Wuri ɗaya ne na ce kada ya taɓa, daga gefen gabas, tsawon mutum a kwance. Ya tambaye ni dalili, don yana ƙarami lokacin, na gaya masa. Tun ranar da aka zuba simintin nan kakansa bai taɓa ɗora ƙafa a kai ba. In zai je masallaci sai ya bi ta iyakar Iro, ko da raɓa ko da ƙaya, shekara shida yana haka. Ya rasu cikin marka, ko'ina caɓi, liman ya duba ya ce ba inda ya fi daɓen Haladu tsabta, a kawo makara nan. A wurin muka ajiye shi muka yi masa sallah, ina sahun gaba, ban iya buɗe baki na ce a canza wuri ba. Sani ya ɗauki digarsa ya koma ɗaya gefen.

Ina ta sa rai in mun kai ƙasa zan tarar da baƙar ƙasar Baba tana jirana. Mun same ta, amma ta cakuɗe da marmara, ta daskare kamar bulo, ba tsutsar tana ko ɗaya, ba ƙamshi. Duk da haka na shuka, a makare, bayan kowa ya gama noman fari. Na sayi takin zamani ɗan kaɗan a leda, shi ma ya zama na masu hali. Ruwa bai yi mana rowa ba bana, amma in ya sauka a gonata sai ya kwanta a sama ya ƙi shiga. Geron ya fito rawaya, siriri, ya tsaya iya gwiwa, na Iro kuwa ya shanye mutum.

Iro ya leƙo ta kan gamba, shi ma yanzu da sanda yake tafiya. Na jira tsiyar da zai yi mini, wallahi da ya yi da na fi jin daɗi. Sai ya tsallako ya durƙusa, ya ɗebi ƙasar ya murza a tafin hannu, ya ce za ta dawo, amma sai an yi kamar shekara goma ana ba ta ana haƙuri. Ya faɗa, sannan ya dubi furfurata, ni ma na dubi tasa.

Shekaranjiya na yanke abin da ya samu. Ko dami bai yi ba, a hammata na shigo da shi. Talatu ta sussuka a ƙaramin turmi, ta sheƙe, ta kawo mini a kwano ina zaune a zaure bayan azahar. Bai cika ba, kuma ƙwayar ƙanana ce, amma geron gonar Baba ne, na farko tun ina matashi. Na sa hannu ina juya shi.

Ta ce, “Malam, a daka ne, ko a ajiye iri?”

Na ce a ajiye.

Ta ɗauki kwanon, ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya ba ta juyo ba. Ta ce, “To yau me zan ɗora?”

Ta daɗe a tsaye tana jira, ni kuma ina kallon hannuna.